Banatin Kofur Jatau

Mutanena na kan layi, ina gaisuwa. Masu karantawa su yi tsit kamar ba sa nan, na gan ku. Masu rubuta "muna biye" tun ba su karanta layi biyu ba, ku ma na gan ku, Allah ya shirye ku. Yau ku gyara zama. Labarin da na zo da shi ba na dariya ba ne, ko da yake kun san bakina ba ya iya zama wuri ɗaya. Labarin wani mai bin sawu ne a Suleja, da wata wuƙa da ta girmi uban kowa a nan.

Ranar Lahadi ce, da damina. An sheƙa ruwa da safe, ya ɗauke wajen ƙarfe tara. Baba Akinola, wani tsohon soja da ke zaune a Kurmin Sarki, ya dawo daga coci wajen sha biyu, ya buɗe ƙofarsa lafiya lau, ya leƙa ɗakin da ya fi so a duk gidan. Sai ya ga kube ɗaya yana rataye a bango wayam, ba komai a cikinsa.

Bari in gaya muku waye Baba Akinola. Shekara talatin da ɗaya ya yi a soja yana kula da ɗakin makamai. Da ya yi ritaya, abokansa suka kama kiwon kaji da kifi, shi kuwa ya kama tara banati. Banati, ga 'yan bana da ba su sani ba, shi ne wuƙar nan da soja ke maƙalawa a bakin bindiga. Sittin da uku gare shi, jere a bango, kowanne da 'yar takarda ɗaure a jikin kubensa, an rubuta inda aka samo shi da wanda ya bayar. In tsautsayi ya sa ka shiga gidan ko da aron ashana ne, ka shiga makaranta. Zai faro maka tun daga tushe, wai sunan ma daga wani gari aka samo shi a Faransa, wai na farko cusa su ake yi a cikin bakin bindiga kamar toshiyar kwalba, sai soja ya zaɓa, ko harbi ko suka. Daga nan aka yi masu zobe, aka yi dogaye kamar takobi, aka yi masu kama da ƙusa, har zuwa na yanzu masu yanke waya. Kafin ya sake ka, tuwonka ya huce.

Abu ɗaya aka ɗauka. Amma kun san unguwa. Kafin labarin ya kai bakin titi, an ce rabin ɗakin aka kwashe. Kafin ya kai majalisar 'yan acaɓa, an ce har da bindigogi. Dama ana fama da masu ƙwacen waya a layukan nan, kowa a tsorace yake, sai ga wuƙar soja mai tsawon kamu biyu ta shiga gari.

Wani ya tambaya, an fasa ƙofa? Aka ce a'a. Wa ya ƙera ƙofar, ya sa mata kwaɗo? Aka ce Ifeanyi mai walda, wanda ke haya a ƙarshen layi. Ya je coci yau? Aka ce bai je ba. Shi ke nan, an gama shari'a. Babu wanda ya tsaya jin cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Samari suka jawo shi daga kan katifa, suka kumbura masa ido, suka kifar da injin waldarsa a cikin kwata. Mai Unguwa ne ya ƙwace shi da kyar, ya zaunar da shi a zaurensa. Ya ce zuwa bayan la'asar, in ba a ga wuƙa ba, hannun 'yan sanda za a sa shi. Mai gidan da yake haya kuwa har ya aiko, wai a yau zai watso masa kaya waje.

Sai Mai Unguwa ya ce a kira Sha'aibu.

*

Sha'aibu mafarauci ne ɗan unguwar Wambai, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. In akuyarka ta ɓata, ko babur, ko injin markaɗe, shi ake kira. Zai tsuguna ya ƙura wa ƙasa ido kamar mai karatun jarida, ya gaya maka ɓarawon ɗingishi yake yi kuma ya ɗauki kaya a kafaɗar dama. Ya taɓa bin sawun wani bijimin sa da aka sace tun daga bayan gari har kasuwar Sabon Wuse. Alamarsa ɗaya, baƙin takalmin soja da ba ya rabuwa da shi, rani da damina. An canja masa tafi sau huɗu. Mutane na cewa a duk rayuwarsa sawu ɗaya tak ya taɓa ɓace masa.

Ya iso, ya kori 'yan kallo daga tsakar gida, ya bi Baba Akinola zuwa ɗakin. Yana ɗaga kai ya ga wanne kube ne babu komai a ciki, sai ya sauke ido kan takalminsa.

Tsohon ya rage murya, da Hausarsa ta bariki ya ce, "Sha'aibu, naka ne ya tafi fa."

To, ga abin da unguwa ba ta sani ba. Banatin nan na kakan Sha'aibu ne, Kofur Jatau, wanda ya je yaƙin Boma ya dawo da shi a ƙasan akwati. Dogo ne, na Ingila, akwai hoton kambi da lamba 1907 a gindinsa. Kofur bai rataye shi don ado ba. Ya wasa shi, ya sa baduku ya ɗinka masa jan kube, ya mai da shi wuƙar gida. Duk ɗan da aka haifa a zuri'ar, da shi ake yanka ragon sunansa. Da shi aka yanka na Malam Isiyaku, uban Sha'aibu. Da shi aka yanka na Sha'aibu, da na ƙanensa Fakhruddeen. An yi ta wasa shi har ya sirance kamar ganyen rake.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Sha'aibu ya ga takalmin soja a wurin Baba Akinola, ransa ya biya. Ya zare wuƙar daga akwatin mahaifinsu, ya naɗe ta a buhu, ya bar jan kuben a nan. Suka yi musaya. Ya ce wa tsohon gadonsa ne, amma a bar maganar tsakaninsu.

Da aka tashi neman wuƙa aka rasa, idon Malam Isiyaku bai faɗa kan babban ɗansa mai natsuwa ba. Kan Fakhruddeen ya faɗa, wanda a lokacin ɗan ashirin da biyu ne, mai yawon majalisa da askin banza. Yaron ya rantse har muryarsa ta dishe. Malam ya ce Sha'aibu ya duba sawu. Sha'aibu ya tsuguna a ƙofar ɗakin, ya daɗe, ya tashi ya ce sawun ya ɓace masa. Shi ne sawun nan ɗaya da gari ke magana.

Malam ya jefi Fakhruddeen da jan kuben a ƙirji, ya ce kada ya sake tako masa gida sai da abin da ke cikinsa. Yaron ya tafi Kaduna ya koyi gyaran wuta. Bayan shekara biyu Malam ya rasu, bai janye maganar ba. Fakhruddeen ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Sai shekara biyu da suka wuce ya dawo Suleja da zama, ya kama haya nesa da gidan gado. Matarsa Jannatu ta haihu ranar Litinin da ta gabata, ɗansu na fari. Gobe suna.

Duk wannan ya ratsa kan Sha'aibu yana tsaye gaban kuben. Amma aiki aiki ne. Ya sunkuya.

A kan dakalin ƙofa akwai shatin silifa guda biyu, jere gwanin sha'awa, kamar a ƙofar masallaci. Ɓarawo ne, amma ya cire takalmi kafin ya taka dardumar mutane. Daga dakalin, ya sauka da ƙafa ba takalmi ya yi taku biyu zuwa jikin bango inda mitar wuta take, ya dawo. Sha'aibu ya tambaya me ke saman mitar. Baba Akinola ya sosa ƙeya, ya ce a nan yake ɓoye mabuɗin ko-ta-kwana.

A gindin mitar, a cikin jar laka, sawun ƙafar hagu ya fito raɗau kamar an buga hatimi. Yatsu huɗu. Ƙaramin bai taɓa ƙasa ba.

Sha'aibu ya san ƙafar. Irin ta gidansu ce, ƙaramin yatsa ya hau kan na kusa da shi. Kofur Jatau haka yake, Malam haka, 'ya'yansa biyu haka. Tasa tana nan ɓoye cikin baƙin takalmi.

Ya ɗaga ƙafa. Taku ɗaya, sawun ya zama tarihi. Sai ya ji numfashin tsohon a bayansa, yana leƙe ta kafaɗarsa. Ya sauke ƙafar a gefe, ya jawo wata robar wanki ya kife a kan sawun, yadda ya saba, ya ce kada kowa ya taɓa.

Ya tambaya su wa suka shiga ɗakin a satin nan. Baba Akinola ya ƙirga. Akwai Prince, mai sayen tsofaffin kaya yana kai wa Turawa a Abuja, ya zo Talata ya yi ta naci a sayar masa. Sai wani mai gyaran wuta ranar Alhamis, yaro mai ladabi, ko sunansa bai riƙe ba, ya saurari tarihi tun daga Faransa bai yi hamma ba.

Sha'aibu ya ce Prince ɗin nan bai kwanta masa ba.

*

Kun ji fa. Mutumin da ke gane nauyin ɓarawo daga zurfin sawunsa, shi ne ya hau acaɓa ya nufi Sabon Wuse neman wanda ya san sarai ba shi ba ne. A hanya yana ta addu'ar Allah ya sa Prince na da yatsu huɗu.

Kafin ya tafi ya biya zauren Mai Unguwa don cika ƙa'ida. Ifeanyi na zaune a ƙasa, ido ɗaya a rufe, jiki na rawar zazzaɓi. Sha'aibu ya dubi ƙafafunsa, manya ne kamar faranti, yatsu biyar cif a baje. Matarsa Ugomma ta tare ƙofa ta ce shekara tara suna layin nan, babu gidan da mijinta bai gyara wa ƙofa ba, wasu ma kyauta. Ta roƙe shi ya faɗa musu ba shi ba ne. Sha'aibu ya ce bincike bai ƙare ba tukuna. Ya fita yana jin idonta a bayansa.

Ya sami Prince a shagonsa, cikin tsofaffin tukwane da ƙwarya da agogon bango, yana cin gasasshiyar masara. Da ya ji abin da ake zargi sai ya ajiye masarar ya yi dariya har da tari.

"Oga mafarauci, wanne aka ɗauka? Siririn nan? Haba. Ko kyauta ka ba ni sai na yi tunani."

Ya yi masa bayani kamar yana koyar da ɗan firamare. Masu tara irin kayan nan ba sa son wanda aka wasa. Banati ba don yanka aka ƙera shi ba, don suka ne, bakinsa a dakushe yake fitowa. Ranar da ka sa shi a dutse, ka kashe shi. In da shi ne zai yi sata, na Jamus ɗin nan mai haƙoran zarto da ke kusa da shi zai ɗauka. Sannan wane mahaukaci ne zai ɗauki wuƙa ya bar kube? Kuben nan Baba Akinola shekara huɗu ya yi yana nemansa kafin ya samo shi a Kaduna, ya fi wuƙar daraja. Mai sayarwa ba zai bar shi ba. Mai son yin ta'asa ma ba zai bar shi ba, don ba ya yawo da tsirarar wuƙa kamu biyu da rana tsaka.

Prince ya ɗauki masararsa ya ce, "Wanda ya ɗauka, yana da kubensa a gida. Je ka nemi mai kube ba wuƙa."

Sha'aibu ya yi godiya. Ya hau acaɓa ya koma Suleja.

*

Gidan Fakhruddeen ya cika da mata da hayaƙi, ana tankaɗe, ana soya cincin. Farin rago ɗaure a jikin bishiyar darbejiya. A ƙofar ɗaki ga silifa biyu jere, jar laka ta bushe a jikinsu. Ko wanke su ba a yi ba.

Fakhruddeen ya fito, suka gaisa yadda suka saba tun dawowarsa, gaisuwar maƙwabta waɗanda ba su shaƙu ba. Sha'aibu ya yi barka, ya tambayi mai jego, ya yaba ragon. Ya yi ta kewaye abin da ya kawo shi. Ƙanen ne ya taimaka masa.

"Yaya, an ce an kira ka bin sawu a Kurmin Sarki."

"An kira ni."

"Allah ya sa kada wannan ma ya ɓace maka."

Bai faɗe shi da faɗa ba. Yana ma shafa kan ragon ne. Sha'aibu ya ce akwai wani bawan Allah da aka yi wa duka a kan maganar, bayan la'asar za a miƙa shi. Hannun Fakhruddeen ya tsaya a kan ragon na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da shafawa. Ya ce ya ji. Ya ce ai mai bin sawu yana nan, gaskiya ba za ta ɓuya ba.

Sha'aibu ya fito ya tsaya a bakin kwata. Lissafin a bayyane yake. In ya yi shiru, Ifeanyi ya kwana a bayan kanta, kayansa a titi. In ya kira sunan Fakhruddeen, an kira yaron ɓarawo sau biyu, na biyun ana gobe sunan ɗansa. Ya dubi takalminsa. A nan wata dabara ta zo masa, har ya ji kamar shi ma mutumin kirki ne.

*

Bayan la'asar tsakar gidan Baba Akinola ta cika. Mai Unguwa a kan kujera. Ifeanyi a kan benci, Ugomma tsaye a kansa. Prince ma ya biyo baya, wai kada a yanke masa hukunci ba ya nan. Samarin da suka yi dukan sun hau katanga suna jiran kashi na biyu.

Sha'aibu ya ɗage robar wankin. Ya nuna sawun, ya sa mutane suka ƙirga yatsun da bakinsu. Ya sa Ifeanyi ya taka laka a gefe, biyar. Prince ya cire kambas yana mita, ya taka, biyar. 'Yan katanga suka fara kallon juna.

Sai Sha'aibu ya zauna a dakali ya fara kwance igiyar takalminsa. Babu wanda ya taɓa ganin ƙafarsa a waje in ba a sahun salla ba, can ma da safa. Ya cire, ya taka lakar da ƙafar hagu, ya ɗaga. Huɗu.

Ya ce shi ne. Ya ce ya daɗe yana sha'awar wuƙar, yau shaiɗan ya rinjaye shi, zai dawo da ita gobe da rana, a yi masa duk hukuncin da ya dace, a saki Ifeanyi. Wurin ya ruɗe. Mai Unguwa ya riƙe baki. Baba Akinola kuwa ya ƙura masa ido, don shi tsohon ma'ajin makamai ne, ya ga cewa sabon sawun ya fi na farkon faɗi.

"Ƙarya ne, Yaya."

Fakhruddeen ne a bakin ƙofa. Ya cire silifansa ya jera su, ya tako har tsakiya. A hannunsa akwai jan kube, fatar ta tsufa ta yi duhu, ƙotar banatin ta leƙo daga sama.

"Satar yau tawa ce, ba zan ba ka ita ba. Kai ka faɗi taka."

Ya juya ya gaya wa taron. Ranar Alhamis ya zo gyaran wuta, tsohon ya zagaya da shi, ya ga wuƙar da aka kore shi daga gidan ubansa a kanta tana rataye a bangon wani. Ya juya 'yar takardar ya karanta. An rubuta, daga Sha'aibu mafarauci, Wambai, na kakansa ne, musaya da takalmi. Ya ce kwana uku bai iya cin abinci ba. Yau ya dawo da kubensa, ya ɗauka. Ya ce da gangan ya sauka cikin laka ba takalmi, ya danna ƙafar sosai, don ya san wa za a kira.

Kowa ya juya ga baƙin takalmin da ke kan dakali.

Sha'aibu ya nemi wata ƙofar ya rasa. Ya faɗa. Bai yi wa maganar ado ba. Ya ce shi ya zare ta daga akwati, shi ya tsuguna a gaban mahaifinsu ya ce sawu ya ɓace, yana kallo aka jefi ƙanensa da kube. Ya ce ya yi niyyar faɗa bayan sati ɗaya, sai ya zama wata, sai Malam ya kwanta ciwo, sai ya ji tsoron kada maganar ta ƙarasa shi. Ya roƙi Fakhruddeen ya yafe masa.

Fakhruddeen ya ce, "Ni ai na san ban ɗauka ba. Wanda ya kamata ya ji wannan ba ya nan."

Mai Unguwa ya fara 'yan kalaman sulhu, ya ce a ba Ifeanyi haƙuri, kuskure ne aka yi. Ugomma ba ta bari ya kai aya ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi Sha'aibu ƙarfe nawa ya ga sawun nan. Ya ce wajen ɗaya. Ta tambayi Fakhruddeen ƙarfe nawa ya ji an kama mijinta. Ya sunkuyar da kai, ya ce da azahar.

"To ku haka kuke yi a gidanku? Ku ɗauka, ku zauna, wani ya sha duka?"

 Fakhruddeen, wanda ya shigo da ƙirji a buɗe, ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da laifin wani, da ya sami dama, shi ma ya ɗora wa wani nasa na awa huɗu. Ugomma ta kama hannun mijinta suka fita. 'Yan katanga suka zame ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce a je a ciro injin daga kwata.

Saura maganar wuƙa. Fakhruddeen ya miƙa wa Baba Akinola da hannu biyu, ya ce a ara masa zuwa gobe da hantsi kawai. Tsohon bai karɓa ba. Ya shiga ɗaki, ya kwanto 'yar takardar daga jikin kuben sojan, ya fito ya yayyaga ta a gaban kowa. Ya ce shi ba ƙarfe yake tarawa ba, ƙarfe ya cika bola. Labarin da ke jikin ƙarfen yake tarawa, wannan kuwa shekara goma sha ɗaya yana nuna wa baƙi labarin da rabinsa ƙarya ne. Ya ce a tafi da ita, kuben sojan dai nasa ne, shi zai riƙe.

Sha'aibu ya tura masa takalmin. Tsohon ya ce me zai yi da shi, ya riga ya ɗauki siffar ƙafar mai shi. Sha'aibu ya bar shi a kan dakalin. Ya taka daga Kurmin Sarki har Wambai ba takalmi, ƙafar da ta manta tsakuwa, mutane na buɗa masa hanya ba mai yi masa sannu.

*

Washegari aka raɗa wa yaro suna Isiyaku. Fakhruddeen da kansa ya yanka ragon da banatin Kofur Jatau, ya goge shi, ya mayar cikin jan kube. Waɗanda suka je sun ce bai yi dariya ba ko sau ɗaya.

Sha'aibu bai je ba, ba a kuma aiko kiransa ba. Da safe ya wuce ta layin Ifeanyi, ya tarar ana loda ƙarafa da katifa a bayan a-kori-kura. Mai gidan hayar yana ta rantsuwa cewa shi wasa yake yi jiya. Ifeanyi ya ga Sha'aibu da idonsa ɗaya mai buɗewa, ya ci gaba da ɗaure kaya.

Daga nan ya nufi maƙabarta, don ya kai maganar inda aka ce ya kai ta. Rabonsa da wurin tun ranar jana'iza. Ya tuna akwai wata 'yar bishiya a wajen kai, da fasasshen tulu. Bishiyar an sare ta. Damina tara ta bi ta kan wurin, ƙasa ta lotsa, ciyawa ta rufe, sababbin kaburbura sun shiga tsakanin tsofaffi. Ya tsuguna yadda ya saba, ya ƙura wa ƙasa ido. Ya matsa gaba, ya dawo baya, ya sake tsugunawa. Har aka kira azahar yana zagaye wuri ɗaya.

Wannan karon da gaske ya ɓace masa.

To jama'a, ga ku ga Sha'aibu. Ku bar zaginsa haka nan, na san yatsunku na ƙaiƙayi. Ni tambayata ɗaya ce, kuma ban son amsar malamai. Kai ne a gindin mitar nan, ƙafarka a sama, sawun ƙanenka a ƙasa, wani bawan Allah na zaune a zaure da kumburarren ido. Tsakaninka da Allah, me za ka yi?